Inda Tururuwar Ta Tsaya

Litinin, bayan la'asar

Alamar ta sake sauka. Likita ya bi hannun Yaya na dama yana ƙwanƙwasawa da kan yatsansa, tun daga tabon da ke damtsenta yana gangarowa. Sai da ya wuce gwiwar hannu da kamar faɗin yatsa uku ta ɗaga gira, ta yi masa tafiyar tururuwa da hannun hagu, wato a nan take jin zir ɗin. Ya ɗiga biro a wurin, ya ce madalla, jijiyar da aka ɗinke tana tsirowa, ta kama hanya. Na fassara mata. Ta ce to, ai da ma ba zama aka ce ta yi ba.

An kawo sabuwar nas. Ta kira Yaya sau biyu, a na uku ta ɗaga murya har mutanen kan benci suka waiwayo. Dole na sake karanto karatun da na gaji da shi: yayata ce, kurma ce tun tana ƙarama, sanƙarau ne ya tafi da jinta kafin a haife ni. Ba ta yi boko ba. Da hannu take magana, rabin maganar kuma ta gida ce, wadda muka ƙirƙira ni da ita da marigayiya mahaifiyarmu, ba kowane kurma ma ke ganewa ba. Nas ta ce, “Allah sarki, ashe ke ce bakinta.” Na ce ni ce, ga shi kuma bakin ba ya samun hutu.

Kafin mu fito Yaya ta raɗa mata suna. Kowa da nasa a wurinta: likita Mai-ƙwanƙwasa ne, mijina Gashin-baki, ni kuwa Surutu. Ita wannan ta zama Mai-hamma, don abin da Yaya ta gani ke nan lokacin da ake yi mata ihu.

Na ji daɗi yau. An daɗe ban rubuta haka ba.

Talata, ƙarfe goma, ofishin malamai

Manhaja ta kawo mu kan ƙwayar jijiya, kamar da gangan. Shekara da shekaru ina koyar da darasin nan ba ya yi mini komai, yau alli ya yi mini nauyi.

Na ɗaga hannuna na baje yatsu yadda nake yi wa kowane aji. Tafin hannu shi ne jikin ƙwayar, nan ranta yake. Yatsu su ne rassan da ke karɓar saƙo. Daga wuyan hannu zuwa kafaɗa kuwa doguwar jela ce mai kai saƙon gaba, an naɗe ta da rigar kitse gaɓa-gaɓa, saƙon yana tsallakawa daga wannan gaɓa zuwa waccan, shi ya sa kafin ka ce wayyo ka riga ka janye ƙafa daga garwashi. A ƙarshen jelar akwai ɗan gibi. Ba ta taɓa ta gabanta, sai dai ta watsa mata sinadari ta ƙetaren gibin, ita kuma ta karɓa ta wuce da shi. Na ce musu ƙwayar da ke ɗaga yatsunsu jikinta yana can cikin laka wajen wuya, jelarta kaɗai ce ta biyo hannu har ta iske tsoka.

Wata ɗaliba daga bayan aji ta tambaya, to idan aka yanke jelar fa? Na ba ta amsar littafi: guntun da ya rabu da jikin zai mutu, ya bar kwanson rigarsa kamar bututu. Wanda ke haɗe da jikin shi ke tsirowa, in an haɗa masa bakin bututun ya bi ciki sannu a hankali, a wata guda da ƙyar yake cin tsawon gaɓar yatsa.

Ina gamawa na ga har yanzu hannuna yana sama, yatsun a baje, duk ajin suna kallona. Na ce su kwafi zanen, na fita na wanke fuska.

Talata, bayan magariba

Na yi wa Yaya darasin a kicin, da nata hannun hagun na yi misali. Ta bi ni tsaf, don Yaya tela ce, duk abin da ke da zare da ƙubaka ba ya ba ta wuya. Ta ce wato zare ne ake zurawa cikin ƙubakar wando, amma shi ke zura kansa. Na ce ki zo ki karɓi ajin kawai.

Sai ta daina dariya, ta taɓa kunnenta.

“In jijiya tana tsirowa, ta nan me ya hana ta?”

Na ce ta hannu daban, ta kunne daban. A hannu jela aka yanke, mai jelar tana nan da ranta. A kunne ƙwayoyin da kansu ne zazzaɓin ya kashe, wanda ya mutu kuwa ba ya tsiro. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsince shinkafa da hannu ɗaya. Shekara nawa muna tare, ba ta taɓa yi mini wannan tambayar ba, ni ma ban taɓa tunanin tana da ita ba.

Laraba, da yamma

Mijina ya ci abinci a gida yau. Ya tambayi inda alamar ta kai, na nuna masa a nawa hannun.

Asabar, da hantsi

'Yan dubiya. Matar maƙwabci da ƙanwarta sun zauna sun cika falo da sannu. Ƙanwar ta ce a yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sai ta ƙara da cewa Allah ya sa ma ba harshe ba ne, hannu ne. Yaya ta tambaye ni me ta ce. Na ce ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Ba su san abin da suke kallo ba. Hannun yana iya dunƙulewa, ba ya iya buɗewa. In aka cire masa robar da ke tallafe shi sai ya lanƙwashe daga wuya ya rataye, yatsun suna kallon ƙasa. Ɗinki ba shi ne damuwata ba, keken yana nan a rufe, zai jira. Maganarta ce. Da dama take faɗa, hagun taimako kawai yake yi, kuma abubuwa da yawa sai an haɗa biyun. Gobe da jiya yanzu kusan iri ɗaya suke fito mata. Sunan mahaifiyarmu yana buƙatar tafin dama a buɗe a kan ƙirji, tun ranar ba ta kira shi daidai ba. Matar da in ta fara ba da labarin rigimar kasuwa sai na roƙe ta ta bar ni in numfasa, yanzu ta koma e da a'a da “bar shi kawai”.

Wannan “bar shi kawai” ɗin shi ke ci mini rai. Takan fara, hannun ya ƙi, in ce mata sake, ta sake, in ce kina nufin kaza? Sai ta kaɗa hagun ta juya kai.

Tagar ɗakin baya har yau kwali ne a jiki. Mai gidan nan gilashi yake sa wa gidajen mutane, safe da yamma.

Lahadi, bayan la'asar

Na ƙwanƙwasa mata da kaina kamar kullum. Mun mai da abin kamar shan magani: ta zauna a bakin gado, in ja kujera gabanta, in fara daga sama. A kan tabon kanta takan zabura har ta ja hannun, wannan mun saba, ciwon wurin ne. Daga nan in gangaro a hankali, ina ƙwanƙwasawa ina kallonta, tana kallona. Yau ta ɗaga gira ƙasa kaɗan da ɗigon likita. Na sa nawa ɗigon da jan biron da nake duba jarrabawa.

Na tuna ranar farko da likita ya ce ta rufe ido ko ta juya kai kafin ya gwada. Ta ƙi, ni kuma na taso masa. Na ce likita, rufe wa kurma ido daidai yake da a toshe maka kunne a kuma kashe fitila, ba ta gama farfaɗowa daga abin da ta gani a ɗakin tiyata ba, inda kowa ya rufe baki da takunkumi, aka ɗaure mata hannu biyu, ba wanda ya gaya mata komai. Ya ce to shi ke nan, Malama, a bar ta. Har yau ina jin daɗin yadda na tsaya mata.

Litinin, bayan azahar

Mai-ƙwanƙwasa bai yi dariya ba yau. Alamar ta sauka, ya ɗiga, amma ya tsaya yana kallon ɗigon kamar wanda aka ba canjin da bai yarda da shi ba. Ya cire robar, ya ce ta yi ƙoƙarin ɗaga wuyan hannun. Ya ɗora yatsunsa a kan tsokar da ke ƙasan gwiwar hannu yana jira. Ta yi ta yi har jijiyar wuyanta ta fito. Ya ce a sake. Aka sake.

Ya ce in dai jijiyar ta kawo inda muke cewa, ta riga ta wuce ƙofar wannan tsokar da daɗewa, ya kamata a ce ta fara ko da motsin da ido ba ya gani. Ya rubuta mana gwajin lantarki ranar Alhamis.

Yaya ta ce me ya ce? Na ce gwaji ne kawai na tabbatarwa.

Talata, da safe

Ban ƙwanƙwasa mata jiya ba. Ita ma ba ta kawo hannun ba.

Alhamis, da yamma

Ɗakin gwajin ƙarami ne, da na'ura mai allo da lasifika. Mai gwajin ya soka wata siririyar allura a tsokar, ya ce ta saki hannun kada ta motsa. Nan take lasifikar ta fara ƙara, tif, tif, tif, kamar yayyafi a kan kwano. Wallahi sai da na dafe ƙirji. Na juya na ce wa Yaya yana magana, hannunki yana magana! Ta yi murmushi har haƙoranta suka fito.

Mutumin bai ɗago ba. Ya ce, “Malama, lafiyayyar tsoka in tana hutawa shiru take yi. Wannan ƙarar ta tsokar da jijiya ba ta zuwa mata ce, ita kaɗai take karkarwa.”

Ya ce yanzu ta yi ƙoƙarin ɗagawa. Ta yi. Ƙarar ba ta canja ba, yayyafin nan ne dai. Ya matsa sama, ya matsa ƙasa, ya sa mata abin da ke jan mutum kamar wutar lantarki, duk labarin ɗaya.

Ban fassara ba. Ba sai na fassara ba, tana kallona. Murmushin bai gama sauka daga fuskarta ba lokacin da ta gani a tawa.

Juma'a, da safe

Mijina bai dawo cin abinci ba. Na rufe masa, da safe na juye wa kaji.

Litinin, bayan la'asar

Likita ya karanta sakamakon, ya cire tabarau. Ya ce zai sake ƙwanƙwasawa, amma yau yadda ya so yi tun farko. Ba za a rufe mata ido ba. Ni ce zan koma bayan labule. Ita ta kalli bango, in ta ji tururuwar ta buga tebur da hagu.

Na gaya mata, ta dube ni, ta dubi labulen. Ban yi gardama ba.

Ta bayan labule ina jin yatsansa a kan fatarta. Ya fara daga ƙasa, daga jan ɗigona na jiya-jiyan nan. Shiru. Ya hau zuwa nasa na makon jiya, shiru. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk ɗigon da muka yi murna da shi, duk wanda na koma gida na nuna a hannuna. Ya wuce gwiwar hannu. Ina ta addu'a a raina, Yaya buga, don Allah buga. Sai da ya kai kan tabon na ji tebur ya amsa da ƙarfi, har kwalbar biro ta faɗi.

Ya kira ni. Ya ce zaburar da take yi a kan tabon ba ciwon rauni ba ne, can ne tururuwar take, can ta tsaya tun farko. Jijiyar ta tsiro, amma ba ta sami bakin bututun ba, tabo ya tare ta, sai ta cukurkuɗe a wuri ɗaya ta zama ƙulli. Ya sa yatsana na taɓa, yana nan kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin fata. Ya ce laifinsa ne da ya yarda aka yi gwajin ido a buɗe. Bai ce nawa ba ne. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Watanni ke nan muna auna hanyar da ba wanda ke tafiya a kanta.

Talata, bayan magariba

Ba mu yi magana ba. A gidan nan rashin magana sauƙi gare shi, kawar da kai kawai za ka yi.

Laraba, bayan la'asar

Na same ta a ɗakinta tana goge ɗige-ɗigen da tsumma da sabulu. Na buga ƙafa a ƙasa yadda muke yi don ta san an shigo, na zagayo gabanta. Raina a ɓace yake. Na ce me ya sa? Ke yarinya ce? Wa kika yaudara in ba kanki ba?

Ta ajiye tsumman. Da hagu ɗaya ta yi maganar, tana yi tana tsayawa, amma yau ba ta ce bar shi ba.

“Ban ce zan yi ƙarya ba. Kina ƙwanƙwasawa ina kallonki. In kika zo wani wuri sai idonki ya buɗe, ki daina numfashi. Sai in ji kamar akwai wani abu. Wata rana ina jin akwai, wata rana na san babu.”

Na ce ranar da kika san babu fa?

“Duk ranar da alamar ta sauka, Gashin-baki yana cin abinci a gida. Ke kuma kina barci.”

Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana. Ita da ta yi rayuwarta kaf tana karanta tawa, ni ce na kafa mata ita a gaba na ce ta faɗi gaskiya.

Na ce amma kin san abin da jinkirin nan ya jawo? Tsoka ba ta jira har abada. In ta daɗe saƙo bai zo mata ba sai ta rame ta ƙandare, ko jijiyar ta iso daga baya ba za ta sami mai amsa mata ba. Ta tsaya tana kallon hannuna, ta ce in sake. Na sake.

“Mai-ƙwanƙwasa ya faɗi haka tun farko?”

Ya faɗa. A zuwanmu na biyu ya faɗa, ya ce in alamar ta tsaya a gaya masa da wuri a sake buɗewa, don lokaci ake tsere da shi. Ni kuma na dubi yadda take rawar jiki in an ambaci tiyata, na ce mata ya ce a yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa.

Na sauke hannuwana. Ta ɗauki tsumman ta miƙo mini, don hagunta ba ya kaiwa bayan damtsen. Na goge mata sauran. Jan biron ya fi wuyar fita.

Alhamis, ƙarfe goma, ofishin malamai

Gwaji na ba su. Kusan rabin ajin sun zana ƙwayoyin biyu a manne, sun manta gibin. Na zauna da jan biro ina raba su ɗaya bayan ɗaya har shayina ya huce.

Asabar, da safe

Na tare mijina kafin ya fita shago. Na gaya masa duka, har da maganar abincin. Ya zauna a kan hannun kujera da makullin mota a hannunsa.

Ya ce, “Malama, na yi mata magana fa. Na ce Yaya a kauce, sau biyu na faɗa.”

Na ce na sani.

“Shekara nawa tana gidan nan. Ni ne nake hana yara kiranta ta baya. Hannuna biyu suna riƙe da gilashin, ba dama in kunna fitila, ban tuna in buga ƙafa ba. Sai na buɗe baki kamar baƙo.”

Wannan ne karo na farko da ya faɗe shi da bakinsa. Lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin baya ba ya ɗaukar mutum biyu, ita kuma ta juyo da tire. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan ranar.

Na ce masa gudun da yake yi bai rage mata komai ba, aiki ma ya ƙara mata, ga jinya ga lallashin suruki. Ya ce in gaya mata ya ce... Na ce a'a. Na gaji da kai saƙo. Tana kicin, hannu biyu gare ka.

Ya shiga. Ban bi shi ba, amma ta ƙofa ina hango bayansa. Maganar hannunsa ba ta wuce ta abinci da ruwa da ina makulli ba, ban san da me ya haɗa ba. Ya daɗe. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya wuce bai dube ni ba. Yaya ta leƙo ta ce Gashin-baki ya ce mata wai shi tukunya ne kuma yana jin sanyi, amma ta gane.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma abin ya juye.

Litinin, bayan azahar

Na ce wa likita ya yi magana a hankali, jimla ɗaya ya tsaya, don yau komai zan faɗa. Na ce wa Yaya in ta ga na tauna wani abu ta taka mini ƙafa.

Za a yanke ƙullin. Abin da zai rage tsakanin bakin biyu ya yi nisa a ja a haɗa, don haka za a ciro wata siririyar jijiya daga bayan ƙafarta a yi gada da ita. Gefen ƙafar zai mutu da ji, ba zai dawo ba, amma ba zai hana ta tafiya ba. Daga nan tsiron zai fara daga farko, daga damtse, da irin tafiyarsa ta da. Tsokar da ke ɗaga wuyan hannu tana kusa, yana sa ran za a same ta da rai. Masu buɗe yatsu sun fi nisa.

A nan na tsaya. Ta taka ni.

Masu buɗe yatsu sun fi nisa, kuma sun riga sun daɗe suna jira. Ba ya cewa a'a, amma ba zai yi mata alkawari ba. In ba su dawo ba akwai wani aikin da ake yi daga baya, a karkato wata tsokar ta riƙa buɗe su gaba ɗaya, a riƙe kofi, a riƙe almakashi. Amma kowane yatsa ya yi nasa daban, da saurin da take yi da, wannan kam da wuya.

Na faɗa mata duka, da hannuwana biyu masu lafiya, kowane yatsa yana yin nasa.

Ta tambaya ko da an yi tun wancan lokacin da yatsun sun tsira. Ya ce da sun fi samun dama. Na faɗa mata wannan ma. Ta ce a yi. Sharaɗinta ɗaya, kada wanda ya rufe baki sai ta yi barci. Ya ce zai gaya wa mai allurar barcin da kansa.

Laraba, da yamma

An sa gilashin ɗakin baya. Ni da ita muna kicin, ya zo ya kunna fitila ya kashe sau biyu kafin ya wuce da shi.

Alhamis, bayan la'asar, asibiti

An ba mu gado kusa da taga. Ta sa na yanke mata farce, na tsefe mata kai na kama shi gida biyu. Ta ce in abin ya yi kyau in ce wa masu kayan da ke wurinta su ƙara haƙuri, in bai yi ba in mayar musu da yadinsu, na mai shuɗin leshi yana ƙasan akwati. Na ce ba yanzu ba. Ta ce yanzu, Surutu, tun ina da abin faɗa.

Tsoro nake ji. Na gaya mata, tunda mun daina ɓoye-ɓoye. Ta ce ta sani, tun daga bakin ƙofa ta gani.

Juma'a, da hantsi, bakin ɗakin tiyata

Sun shiga da ita.

Mai-hamma ce ta zo sa allurar ƙarin ruwa. An naɗe hannun dama tun daga kafaɗa, saura hagu. Na roƙe ta ta sa a sama wajen gwiwar hannu, ta gwada sau biyu jijiyar jinin ta ƙi, dole ta dawo bayan tafin. Ta ɗora hannun a kan ɗan katako ta naɗe da filasta don kada allurar ta goce. Babban yatsa da manuni kaɗai suka rage a waje. Ta ba ni haƙuri, na ga kuma har ranta ta faɗa.

Na bi gadon har inda aka ja layi a ƙasa. Mai allurar barcin ya cika alkawari, takunkuminsa yana wuya, ya yi mata murmushi. Ana shirin tura ƙofar Yaya ta ɗago kai ta neme ni. Ta ɗaga hagun da katakonsa da robar ruwan tana lilo, ta kai shi wajen ƙirji, ta juya shi, yatsun nan biyu suka yi wani abu. Na ce sake. Ta sake, a hankali, idonta a kaina. Na matso har na taka layin. Ta yi na uku, gadon yana tafiya, ƙofar ta rufe.

Mai-hamma ta dafa kafaɗata ta ce, “Me ta ce, Malama?”

Bakina har ya buɗe. Amsoshi suna nan a shirye, irin waɗanda na saba bayarwa: ta ce a yi mata addu'a, ta ce ta gode, ta ce kada in damu. Tun ina 'yar shekara huɗu ake yi mini wannan tambayar, a kasuwa, a gidan biki, a gaban gawar mahaifiyarmu, ban taɓa rasa abin cewa ba.

Na ce mata ban sani ba.

Ina kan benci yanzu. Na dunƙule yatsu uku na hagu, na kai ƙirji, na juya, na yi yadda ta yi. Zai iya zama sunan mahaifiyarmu. Zai iya zama yafiya, ban san kuma ko nema take yi ko bayarwa ba. Zai iya zama ƙishirwa kawai take ji, tun jiya ba ta sha ruwa ba.

Sun ce aikin zai kai la'asar.